Daga Television Zuwa Kawo A Ƙasa: Abin Da Titi Ya Koya Mana Ni Da 'Yata

A wannan wata ina so ki ba ni aron hankalinki, in fito da ke daga tsakar gida zuwa kan babban titin da ya ratsa birnin Kaduna daga kudu zuwa arewa. Tafiya ce da na yi a ƙasa, ni da babbar 'yata mai shekara 13 da wani ƙanena, tun daga unguwar Television har zuwa Kawo. Kafin ki ce wace irin wahala ce wannan alhali ga motoci, bari in faɗa miki abin da ya tayar da ni.

Wata rana bayan sallar isha'i muna zaune, ƙanen nawa yana ba da labarin ya je Barnawa wajen wani aiki. Sai 'yar nan tawa ta zaro ido ta ce, "Kawu, ka ƙetare gada? Ba ka ji tsoron su kashe ka ba?" Dukkanmu muka yi dariya, amma ni dariyar ta tsaya mini a wuya. Wannan yarinya a Kaduna aka haife ta, a Kaduna take karatu, amma ba ta taɓa sa ƙafarta a kudancin kogi ba. Ba ta kuma san cewa uwarta a Television aka haife ta, a can ta yi rarrafe, a can ta fara karatun allo ba. Da na tambaye ta wa ya gaya mata wannan magana, sai ta ce, "Ai kowa haka yake faɗa." Daren nan na daɗe ban yi barci ba, domin na san cewa cikin wannan "kowa" har da ni. Ban taɓa ce mata ana kisa a can ba, amma shekara da shekaru tana jin yadda murya ta ke sauyawa duk lokacin da aka ambaci sunayen unguwannin.

Yadda kogi ya zama iyaka

'Yar'uwa, idan ba a Kaduna kike ba, bari in ɗan yi miki shimfiɗa. A ranar Litinin 21 ga Fabrairun 2000 rikici ya ɓarke a garin nan a kan batun shari'a, ya sake tashi a watan Mayu na wannan shekarar. An rasa rayuka fiye da 1,000, musulmi da kirista, an ƙona gidaje da shaguna da wuraren ibada. A watan Nuwamban 2002 wani ya sake tashi saboda rubutun wata jarida a kan gasar sarauniyar kyau ta duniya, inda ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce mutum kusan 250 suka mutu. Daga nan kowa ya nemi inda nasa suka fi yawa. Musulmi da dama suka bar Television da Sabon Tasha da Unguwar Romi suka koma arewacin kogi, kiristoci da dama suka bar Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka koma kudu. Abin ya kai har wasu na yi wa arewa laƙabi da Makka, kudu kuma Jerusalem.

Ina da shekara 10 lokacin rikicin farko. Wata maƙwabciyarmu kirista, wadda duk yaran layinmu muke kira Mama, ita ta ɓoye mu a ƙuryar ɗakinta kwana biyu, ni da mahaifiyata da ƙannena, har sojoji suka zo suka kwashe mu. Daga baya mahaifina ya yi musayar gida da wani magidanci kirista da shi ma ya gudo daga arewa: ya shiga namu, muka shiga nasa. Tun daga lokacin, in na bi ta kudu a mota nake bi, ina kallon gefe guda. Shi ya sa na yanke shawarar cewa wannan karon da ƙafa zan bi, in kuma riƙe hannun 'yata. Na nemi izinin maigida, ya yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan ya ce to, amma da sharaɗin a yi ta da rana kuma ƙanena ya raka mu.

Kunun safe a Television

Mun zaɓi wata Asabar cikin hunturu saboda sauƙin rana. Bayan asuba muka hau bas daga Kawo, kafin ƙarfe bakwai muna tashar motar Television. Tashar tana nan da hayaniyarta, 'yan kamasho na kiran fasinja, mata sun baza doya da dankali da manja a bakin hanya. Abin da ya fara ba 'yata mamaki shi ne harshe. Tana tsammanin za ta ji wani yare daban, sai ta ji mai sayar da ƙosai tana ce wa mai saye, "Na nawa za a sa miki?" Na ce mata ai Bajju da Atyap da Gwari da Jaba da sauran ƙabilun jihar nan, idan sun haɗu a kasuwa da Hausa suke ciniki, da yawansu ma da Hausa suke addu'a a majami'unsu.

Sai da na yi tambaya sau biyu kafin na gane layinmu, domin gine-gine sun cike filayen da muke wasan gaɗa. Na yi sallama a ƙofar Mama gabana na faɗuwa. Ta fito tana dogara sanda, ta tsufa ƙwarai. Ta daɗe tana kallona, sai ta kira sunan mahaifiyata, ta ce, "Wannan ai fuskarta ce! 'Yata, ke ce?" Na durƙusa na gaishe ta. Da ta ji mahaifiyata ta rasu, sai ta zauna a kan turmi ta yi kuka sosai. Ta jawo 'yata jikinta ta ce, "Jikata, uwarki a bayana ta yi wayo." Ta sa aka damo mana kunun gyaɗa, kuma ba ta manta ba, da kanta ta shimfiɗa mana tabarma mai tsabta ta ce ko za mu yi salla.

A nan ne na ji abin da ban sani ba shekara 25. A ranar da Mama take ɓoye da mu, ɗan ƙanwarta yana can arewacin gari, kuma bai dawo ba har yau. Tana faɗa ba tare da ɗaga murya ba. Na dubi 'yata na ga ta sunkuyar da kai. Uwargida, a gidajenmu muna ba yara labarin namu da aka kashe, su ma a can haka suke ba nasu. Kowane yaro yana tashi da rabin labari, yana zaton shi ne duka.

Titin Kachia da masaƙun da suka yi shiru

Ƙarfe takwas muka yi sallama muka kama titin Kachia, muka fuskanci cikin gari. Wannan titi shi ne jijiyar kudancin Kaduna. Idan kika juya baya zai kai ki Sabon Tasha da matatar man fetur da aka buɗe a 1980, ya zarce har garin Kachia. Mu kuwa gaba muka yi, Kakuri na hagunmu, Barnawa na damanmu.

Wurin farko da na tsayar da 'yata shi ne mararrabar Peugeot. Na gaya mata cewa tun 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a nan Kakuri, kuma 504 ɗin da kakanninta suka hau zuwa biki da suna a nan garin ake haɗa ta. Daga nan na nuna mata ɓangaren masaƙu. Masaƙar KTL ta fara aiki a 1957, zamanin Sardauna, sa'an nan irin su Arewa Textiles da UNTL da Nortex suka biyo baya. Akwai lokacin da atamfar da matan Najeriya ke ɗaurawa, mai yawa daga cikinta daga Kakuri take fitowa. Mahaifina a ɗaya daga cikin masaƙun nan ya yi aiki. Ina tuna jiniyar canjin aiki, da yadda titin nan ke cika da kekuna, Bahaushe da Bakataf da Tibi da Bayarabe da Ibo, kowa da kwanon abincinsa ɗaure a bayan keke. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, saboda rashin wutar lantarki da tsadar man baƙi da kwararowar atamfofin waje masu araha.

Ki lura da wannan, 'yar'uwa. Masaƙa wuri ne da musulmi da kirista ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa awa takwas kullum, su ci bashin juna, su je sunan juna da jana'izar juna. Da masaƙu suka mutu, wannan haɗuwa ta mutu tare da albashin. 'Ya'yan ma'aikatan suka taso babu sana'a, kuma matashin da bai da abin yi shi ne busasshen itacen da masu hura wuta ke nema. Duk da haka, Kakuri da Makera da Barnawa har yanzu akwai musulmi da kirista a haɗe. Mun wuce masallatai a bakin hanya, mun wuce asibitin St. Gerard inda mata masu hijabi da masu ɗan kwali ke shiga ta ƙofa ɗaya. Kasuwar Litinin ta Kakuri kuwa ba ta tambayar addinin mai saye.

Tashar jirgi da gada

Wajen ƙarfe tara da rabi muka iso inda ake kira Station, wato tsohuwar tashar jirgin ƙasa. A nan layin dogon da ya taso daga Legas zuwa Kano ya haɗu da wanda ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. Na ce wa 'yata ta dubi wannan wuri da kyau, domin shi ne mafarin garin. Kaduna ba irin Kano ko Zariya ko Katsina ba ce masu ganuwa da tarihin ɗaruruwan shekaru. Turawan mulkin mallaka ne suka zaɓi wurin saboda ruwa da layin dogo, a ƙasar da Gwari ke noma, suka dawo da hedkwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Soja da ma'aikacin jirgi da akawu da ɗan kasuwa, kowa zuwa ya yi. Saboda haka idan wani ya ce wa ɗan'uwansa baƙo a Kaduna, sai a tambaye shi shi kakansa daga ina ya zo. Yanzu jirgin Abuja da aka fara a 2016 daga Rigasa yake tashi, tsohuwar tashar ta rage armashi, amma sunanta bai bar bakin kwandastoci ba.

Daga nan sai gada. Wallahi uwargida, da na sa ƙafa a kanta sai da gwiwata ta yi sanyi. Iskar hunturu na kaɗawa, ruwa ya ja baya, duwatsu sun fito, ga masu wanki da masu lambu a gefen kogi. Ana cewa sunan garin daga jam'in kada ya samo asali, saboda kadojin da ke cikin wannan ruwa a da. 'Yata ta leƙa ta ce, "Umma, wai wannan ne kawai?" Na ce shi ne. Mun ƙetare shi cikin 'yan mintoci. Muna tafe muna cin karo da jama'a: masu tallan kayan miya suna yin kudu, ma'aikata da 'yan kasuwa suna yin arewa, 'yan Keke Napep na ta kai da kawo. Kullum dubban mutane ke ƙetare wannan gada neman abinci, su yini tare, amma da yamma kowa ya koma ɓangarensa ya kwana. Gwamnatoci sun ƙara gadoji a kan kogin, akwai ta hanyar bayan gari, akwai ta titin Yakowa. Wadda ta rage a gina ita ce ta cikin zukatan yaranmu, kuma wannan ba kwangilar gwamnati ba ce.

Ahmadu Bello Way, cibiyar gari

Da sauka daga gada sai filin wasa na Ahmadu Bello, inda aka buga wasu wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta matasan duniya a 1999 da kuma 2009. A nan ƙanena ya karɓe bayanin, domin fanninsa ne. Muka zauna a inuwa muka sha ruwa, muka ci dabino, sa'an nan muka miƙa zuwa Ahmadu Bello Way.

Idan kika bi wannan titi a mota, cunkoso da hon kawai za ki tuna. A ƙasa kuwa za ki samu damar karanta allunan layukan da ke kewaye da shi. Na sa 'yata ta ciro littafinta tana rubutawa: Lagos Street, Ibadan Street, Abeokuta Street, Benin Street, Jos Road, Kano Road, Katsina Road. Ta ce, "Umma, kamar taswirar Najeriya." Na ce haka waɗanda suka zauna a nan tun farko suke, daga ko'ina suka zo. A wannan yanki za ki ga masallacin Kano Road, kuma a cikin tsakiyar garin nan manyan majami'un St. Joseph da St. Michael suke, kowane da shekaru masu yawa a wurinsa.

Mun ratsa ta babbar kasuwa, wadda aka sa wa sunan Sheikh Abubakar Mahmud Gumi. A nan na sayi zare da allura wajen wata 'yar kabilar Ibo da ta ce mini "Hajiya, sai kin dawo," na sayi kayan yaji wajen wani dattijo Bazazzagi. Kasuwa ita ce wurin da har yau Kaduna ke zama gari ɗaya daga safe zuwa magariba. Mun wuce Leventis, inda aka yi hanyar ƙarƙashin ƙasa cikin ayyukan sabunta birni da aka ƙaddamar a Janairun 2022. Mun ga dogon benen kamfanin raya Arewa na NNDC, da ginin jaridar New Nigerian wadda ta fara fitowa ranar 1 ga Janairun 1966, mako biyu kacal kafin a kashe Sardauna ranar 15 ga wannan watan.

A nan ne ƙafar 'yata ta fara ciwo, ta ce mu hau Keke. Na ba ta zaɓi: ko ta hau tare da kawunta su jira ni a gaba, ko mu huta mu ci gaba. Ta yi tunani ta ce, "Ke da kuka gudu kuna yara ma kun jure, bari in ƙarasa." Na yi shiru, domin na ga alamar abin da na fito nema ya fara samuwa.

Titin Ali Akilu har Kawo

Da kika wuce wurin da ake kira NEPA kika doshi Lugard Hall, titin zai sauya suna zuwa Ali Akilu, sunan wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin Jihar Arewa. Lugard Hall shi ne zauren da wakilai da sarakunan Arewa ke zama a da, tun daga Sakkwato har Ilorin da Binuwai, yanzu kuma Majalisar Dokokin Jihar Kaduna ce a ciki. A Unguwar Sarki muka shiga gidan adana kayan tarihi da aka buɗe a 1975, a ginin da ya taɓa zama ofishin jam'iyyar NPC. A ciki 'yata ta ga sassaƙen yumɓu na Nok, waɗanda aka samo sunansu daga wani ƙauye a kudancin jihar nan, kuma shekarunsu sun haura 2,000. Ba nisa da nan akwai Arewa House a titin Rabah, gidan da Sardauna ya zauna, wanda yanzu cibiyar binciken tarihi ce ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello.

Azahar ta same mu a masallacin Sultan Bello, wanda aka gina a 1962, shekarar da aka kafa Jama'atu Nasril Islam. A nan marigayi Sheikh Gumi ya yi shekaru yana tafsiri ana sa wa a Rediyon Kaduna, har rasuwarsa a 1992. Iyayenmu mata da yawa ta wannan rediyo suka fara jin cewa neman ilmi wajibi ne a kansu, kuma makarantun Islamiyya na matan aure da muke gani yau suna cikin 'ya'yan wannan kira. Bayan mun idar da salla, 'yata ta tambaye ni a hankali, "Umma, ya halatta in yi wa Mama addu'a?" Na ce ta roƙa mata shiriya da lafiya da sakayyar alherinta. Na tuna mata abin da muke karantawa a aji, cewa maƙwabci yana da haƙƙi ko da ba musulmi ba ne, kuma a Suratul Mumtahana Allah bai hana mu kyautatawa da yin adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba. Sai na ji kunya ta kama ni, domin shekara nawa ina koyar da wannan darasi a allo, amma ban taɓa kai 'yata ta gaida matar da ta ceci raina ba.

Ragowar tafiyar ta bi da mu ta gefen Unguwar Shanu da Unguwar Kanawa, muka wuce tsohon mazaunin makarantar horar da hafsoshin soja ta NDA da aka kafa a 1964. Wajen la'asar muka hango gadar sama ta Kawo, wadda aka sake ginawa aka buɗe a 2022. Daga nan hanya ta rabu, wata ta yi Zariya da Kano, wata ta yi Mando. Muka zauna a kan benci muka cire takalma. Mun yi tafiyar da ta haura kilomita 10, mun ratsa sunaye daban-daban, Kachia da Ahmadu Bello da Ali Akilu, amma kwalta ɗaya ce ba ta yanke a ko'ina ba.

Idan kina so ki gwada

Ba na ce kowace uwa ta yi irin wannan doguwar tafiya a yini ɗaya ba. Ga abin da zan ba ki shawara, ko a Kaduna kike, ko Jos, ko Kano, ko duk wani gari da ke da unguwar da yaranki ke tsoro.

Da farko ki nemi izinin maigida, ki tafi da muharrami ko da 'yan'uwa mata biyu ko uku. Ki zaɓi lokacin da gari ke lafiya, ki guji ranar zaɓe ko zanga-zanga ko lokacin da ake raɗe-raɗi, ki kuma tsaya a kan babban titi, ki dawo kafin magariba. Tsoro marar dalili daban, taka-tsantsan daban.

Na biyu, ki raba tafiyar gida-gida. Asabar ɗaya daga Station zuwa babbar kasuwa, wata Asabar daga kasuwa zuwa Unguwar Sarki. Ki fita da sassafe, ki sa takalmi marar tsini wanda ƙafarki ta saba da shi, da hijabi marar nauyi, ki riƙe ruwa da ɗan abin taɓawa. Ki bi gefen da kike fuskantar motoci, yaro kuma ya kasance ta ɓangaren da ba titi ba. Mai juna biyu ko mai hawan jini ko ciwon suga ta fara jin ta bakin likita. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kin ga ke nan jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya.

Na uku, ki ba yaro littafi da biro ya rubuta sunayen tituna da gine-gine, in kun dawo ku nemi tarihinsu tare. Idan kina da tsohuwar maƙwabciya ko abokiyar karatu a ɗaya ɓangaren, ki kai mata ziyara da ɗan sabulu ko turmin atamfa. Zumunci a ƙafa yake, in ji Hausawa.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ki kula da harshenki a gaban yara. Ki ba su labarin abin da ya faru da gaskiya, kada ki ɓoye zaluncin da aka yi, amma ki haɗa da labarin waɗanda suka ɓoye maƙwabtansu ta kowane ɓangare. Ki gaya musu cewa a garin nan aka yi Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda a da suke gaba da juna, daga baya suka kafa cibiyar sulhu a 1995, kuma da ƙoƙarinsu shugabannin addini 22 suka sa hannu a yarjejeniyar zaman lafiya ta Kaduna a watan Agustan 2002. Wanda zai riƙe makami gobe, yau yana kan cinyar wata uwa yana sauraron yadda take ambaton mutanen ƙetaren gada.

Da muka iso gida na jiƙa wa 'yata ƙafa a ruwan ɗumi da gishiri. Ƙaninta ya zo yana tambaya, "Yaya, kin ga masu kisan?" Ina daga ɗakin girki na kasa kunne. Sai na ji ta ce, "Na ga kakarmu dai. Ta ce in kawo ka da salla."

Allah ya zaunar da garuruwanmu lafiya, ya shirya mana zuriya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.